Alhamis a Agogon Amiru

Ranar Litinin Saude ta gane ɓarnar da hannunta ya yi, kuma a bakin Halliru ta ji, shi da bai ma san ya faɗa mata komai ba.

Ya zo gaida Inna Hajjo ne, mahaifiyar Saude, kamar yadda ya saba tun da fari ya tsananta, da rabin buhun masara a bayan motarsa. Halliru ɗan aminin mahaifin Saude ne, direban babbar mota mai jigila tsakanin Isa da Gusau, kuma kowa a Tsamaye ya san ba don tsohuwa yake ƙona mai zuwa gaisuwa ba. Mutumin kirki ne, wannan kam ba a hana shi. Aibinsa ɗaya, in ya sayi sabon abu sai duk gari ya ji tarihinsa.

Ranar kuwa agogo ne. Baƙi, na roba, babu hannu ko ɗaya, sai lambobi suna ƙyafta ido a cikin gilashi. Saude na gefen murhu tana tankaɗe, ta ɗaga kai sau ɗaya ta gan shi. Irinsa ne sak a hannun Amiru, masoyinta.

Inna Hajjo ta juya shi ta sake juyawa, ta tambaya wai da gaske ne har rana yake faɗi. Halliru ya gyara zama, dama abin da yake jira ke nan. Ya nuna mata maɓallai huɗu, ya nuna wanda ake dannawa lambobi su fara rawa, da wanda ake turawa su yi gaba.

"Amma yana da makirci guda, Inna," ya ce. "Kin ga ɗan rubutun ga mitsitsi a kusurwa? Shi ka nuna marece ne. In mai saiti ya mance da shi, agogo sai ya ɗauki marece safiya. Lokaci kam daidai za ki gan shi, amma rana ba ta juyawa sai an kai tsakar rana. Ki tashi da asubar Alhamis, shi yana nan yana ce miki Laraba."

Ya yi dariya, ya ce shi ma an yi masa haka a Gusau, har ya yi gardama da fasinja a kan ranar kasuwa.

Rariya ta tsaya a hannun Saude. Ta rufe ido ta nemo fuskar agogon Amiru kamar yadda ta gan ta shekaranjiya, ta duba kusurwar nan, ta sake dubawa. Babu komai a wurin. Wallahi babu komai.

Amiru ɗan fatauci ne, mutumin garin Bafarawa, maraya mai ciyar da uwa da ƙanne huɗu. Tun da aka rufe iyaka ya koma bin daji da raƙuman abokinsa Ɗanmusa, su kai garin rogo da kananzir wajen Maraɗi, su komo da kanwa da dabino, wani lokaci da ɗan gero in an dace. Shekara biyu suna son juna shi da Saude, shekara biyu Malam Labbo, mahaifinta, yana kau da kai.

Ba talauci ne ya dami Malam Labbo ba, a shekarar nan wa ya fi wani? Rumbunsa ma tun watan azumi kaji suka daina leƙa shi. Abin da yake faɗi kullum shi ne ba ya ba da ɗiyarsa ga mutumin da ba a san ranar fitarsa ba, ba a san ta komowarsa ba. Sai da Sodangi, kawun Amiru, ya yi sawu uku, sannan tsohon ya sassauta ya kafa sharaɗi.

Alhamis mai zuwa Amiru ya yi sallar la'asar a sahu ɗaya da shi a masallacin Tsamaye. In ya iya riƙe rana guda, a yi magana. In bai iya ba, kada wanda ya sake tako masa zaure. Ya ƙara da cewa kafin ranar ba zance, ba aike, in ya ji sun haɗu magana ta mutu.

To sun haɗu. Ranar Asabar, a busasshen gulbi inda mata ke tonon rairayi su jira ruwa ya tsatso. Ta bar tulunta a layi ta zaga bayan wata gawo, ta same shi tsaye da sabon agogo a tafin hannu, yana murmushin nan nasa mai kashe mata jiki.

Ya ce don ranar nan kaɗai ya saye shi. A daji kwana na ɓace wa mutum, ba masallacin Juma'a, ba kasuwa, yau kamar jiya. Za su sauke kaya su zauna a wani zango hayin iyaka su jira ayarin kanwa, kuma daga can zuwa Tsamaye tafiyar asuba zuwa azahar ce. Mai kanti bai saita masa ba, shi kuma bai yi boko ba.

"Ke kin yi makaranta a Isa," ya ce. "Ba ni ba kowa shi taɓa mani shi sai ke."

Ita fa ba ta taɓa saita agogo ba. Sau ɗaya ta ga wani malaminsu yana danna nasa, shi ke nan iliminta. Amma yaya za ta ce ba ta iya ba, ga yadda yake kallonta kamar ita ta ƙera abin? Girman kai ne ya hana ta, babu wani suna da za a ba shi.

Ta danna nan, ta danna can, Allah ya taimake ta lambobi suka fara rawa. An yi kiran la'asar ba da jimawa ba, sai ta tsayar da shi a huɗu da 'yan mintoci. Ta tura rana har ta kai Asabar. Sannan ta tsuguna ta zana masa haruffa biyu a rairayi, ɗaya kamar sanda da aka gicciya wa itace a ka, ɗaya kamar tsani mai taki guda. Ta ce kada ya wahalar da kansa da sauran, waɗannan kaɗai zai riƙe, su ne Alhamis.

Ya zana su da yatsansa sau uku har suka zauna masa. Ya ce ko kaya sun iso ko ba su iso ba, asubar da ya gan su zai taso. Wata mata ta ƙwala mata kira cewa layi ya zo kanta, ta miƙa masa agogon ta ruga.

Yanzu ga shi Halliru ya tashi ya tafi, ya bar ta da lissafin da ba ta son ƙarasawa. Asubar Alhamis Amiru zai duba hannunsa, ba zai ga haruffan ba. Zai koma ya zauna. Sai rana ta take tsaka za su fito, lokacin da ko doki gare shi ba zai riski la'asar a Tsamaye ba.

Tuwon masarar Halliru aka yi a gidan ranar. Ta kai loma ɗaya baki ta ture ƙwaryar.

Talata ta wuni tana neman dabara. Aike? Wa za ta aika, kuma ina? Ko sunan zangon ba ta sani ba, masu bin daji ba sa faɗin masaukinsu. Ta yi tunanin zuwa Bafarawa wajen Sodangi, to budurwa ta kama hanyar Bafarawa ita kaɗai ta ce wa mahaifinta me? Hanya ɗaya ta rage, ta durƙusa gaban Malam Labbo ta faɗi gaskiya. Da ta tuna kalmarsa, cewa in sun haɗu magana ta mutu, sai ta fasa.

Sai ta koma lallashin kanta. Ai ba shi kaɗai ba ne, Ɗanmusa zai san rana. Ƙila su ratsa wani ƙauye ranar kasuwa. Ƙila ma ya ƙagu ya taso tun Laraba. In ta yi magana ta kashe komai da bakinta, in ta yi shiru akwai sauran ƙila. Haka ta riƙa juya abin har ya yi mata kama da hankali, alhali tsoro ne tsagwaronsa.

Laraba da hantsi Inna Hajjo ta ritsa ta a ɗaki tana kuka a kan tabarma. Uwa ce, ta ga 'yarta kwana biyu ba ci ba magana. Ta zauna kusa da ita.

"Saude, mi ke damunki? Gobe fa ranarki ce. Wadda ka jiran farin ciki ba haka take kwana ba."

"Ba komi, Inna."

"Ba komi ka sa mutum ramewa cikin kwana biyu? Ko kin ji wani labari nai ne? An kama su?"

Ta girgiza kai, hawaye na zuba.

"To ko zuciyarki ce ta juya? In Halliru kike so yanzu ki faɗa mani, ba abin kunya ba ne. Ni dai kada ki bari a ɗaura ki inda ba ki so."

"Inna, wallahi ban taɓa son kowa ba sai shi. Ko a mafarki."

"To kukan mi kike?"

Ta buɗe baki, ta ga idon uwarta, ta tuna cewa in ta faɗa Inna ba za ta iya ɓoye wa Malam ba, shekara talatin ba ta taɓa ɓoye masa ko ƙwayar gero ba. Sai ta ce tsoro take ji kada wani abu ya tsare shi a hanya.

Inna Hajjo ta shafa kanta ta ce ta bar wa Allah, yaron yana da alkawari, ita shaida ce. Wannan yabon ya fi zagi yi wa Saude ciwo.

Alhamis ta waye ba ko gajimare. Tun hantsi Sodangi ya iso a kan jaki, da babbar rigarsa ta zuwa salla da ƙullin goro a aljihu. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Jim kaɗan mahaifin Halliru ma ya iso, wai wucewa yake ya ce bari ya gaisa. Kowa ya san irin wucewar.

Saude ta kasa zama. Ta share tsakar gida sau biyu, ta wanke ƙoren da ba a ci komai a ciki ba. Da inuwar zana ta tattare ta koma gindinta, sai ta tsaya cak da tsintsiya a hannu. Yanzu ne. Yanzu haka a wani daji da ba ta sani ba haruffan sun fito, kuma yana kallonsu.

Aka yi azahar. Aka yi la'asar. Inna Hajjo ta leƙa ta kafar zana ta ga maza na fitowa daga masallaci, ta ƙirga su da ido, babu Amiru a cikinsu, ta dawo ta zauna.

An ce Malam Labbo ya ƙi tashi daga sahu bayan sallama, ya zauna yana jan carbi har rana ta yi ja, yana waiwayen ƙofa. Wannan Saude ba ta ji shi ba sai daga baya. Abin da ta gani da idonta shi ne Sodangi, dattijo mai furfura, yana kwance jakinsa kansa a ƙasa, yana ba da haƙuri kamar shi ya yi laifin. Goron nan bai fito daga aljihu ba.

Kafin magariba mahaifinta ya shigo ya sa aka kira ta. Ta durƙusa a bakin ƙofa, Inna na gefe. Bai ɗaga murya ba, shi dama ba mai hayaniya ba ne.

Ya ce ta ga dai abin da ya faru. Ya ce shi bai ƙi yaron don ƙiyayya ba, kuma ba zai yi mata dole ba, bai yi wa yayyenta ba. Amma shekarar nan ba ta jira ba ce, mutane na ta kwashe iyali suna yin kudu, shi kuma yana son ya san inda ya ajiye ta.

"Akwai wani uzuri nai da kika sani, wanda ni ban sani ba?"

Ta yi shiru.

"Saude, da ke nike. In akwai ki faɗi."

Hawaye kawai ke ɗiga a bayan hannunta. Zuciyarta na ce mata faɗi, faɗi mana, harshenta ya yi nauyi kamar ba nata ba.

Ya tambaye ta ko ta amince da Halliru. Sau uku ya tambaya, yana barin tazara a tsakani, har Inna ta zungure ta da ƙafa. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. A garin nan kuwa, da ko'ina ma, shirun budurwa a gaban mahaifinta amsa ce, kuma ta san haka sarai.

Malam Labbo ya numfasa ya fita zaure. Ta ji an shafa fatiha. Ta ji muryar mahaifin Halliru yana godiya.

Juma'a da hantsi tana bakin murhu ta ji sallama a ƙofar gida. Muryar ta dishe har ba ta kama da tasa, amma ko a cikin kasuwa za ta gane ta. Ta saki muciya ta lallaɓa ta manna ido a zana.

Amiru ne. Ba raƙumi, ba kaya, ba ko hula. Ƙaya ta yayyaga masa riga, takalmi ɗaya ya tsinke ya ɗaure shi da tsumma, leɓɓansa sun tsage sun yi fari. Ya zube a gaban Malam Labbo a ƙofar zaure, maƙwabta biyu-uku suka matso.

Ya ba da labari a taƙaice. Jiya da tsakar rana ya gane Alhamis ce. Ya bar wa Ɗanmusa kaya ya taso da ƙafa. Da rana ba a tsallaka iyaka ta hanyar da suka saba, masu sintiri na nan, sai ya zaga ta nesa, ruwansa ya ƙare, ya kwana a daji.

"Ba kai da abokin tahiya?" in ji Malam Labbo. "Shi ma bai san rana ba?"

"Ya sani, Baba. Tun asuba ya ce mani yau Alhamis. Har rantsuwa ya yi. Ni na yi mai gardama."

"A kan mi?"

Amiru ya dubi hannunsa. "Na yarda da agogo."

Saude ta toshe bakinta da gefen zane. Ita kaɗai ta san abin da ya yarda da shi.

Malam Labbo ya miƙa hannu, Amiru ya kwance agogon ya ba shi. Tsohon ya juya shi, bai ga komai a ciki ba sai lambobi. Ya tambaya wane ne ya saita masa wannan abu har ya fi masa rantsuwar musulmi.

Amiru bai ko kalli wajen zana ba, ko da yake ta tabbata ya san tana nan.

"Ni na saita shi da kaina, Baba. Ban iya ba, na yi karambani. Laifina ne ni ɗaya, ba na kowa ba."

Wani maƙwabci ya yi tsaki ya ce ka ji yaran zamani. Malam Labbo ya girgiza kai, ya ce to Allah ya kiyaye gaba, ya riga ya ba da ita jiya. A kawo masa ruwa ya sha ya kama hanya.

Amiru bai motsa ba. Kafaɗunsa ne kawai suka sauka, kamar an zare masa wani abu daga baya.

Ba ta san lokacin da ta ture ƙyauren kara ba. Sai ganinta aka yi a zaure ba mayafi, ta zube a gaban mahaifinta a idon maƙwabta, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta girma.

"Baba, ƙarya yake yi don shi rufa mani asiri. Ni na saita shi. Mun haɗu a gulbi ran Asabar. Ban iya ba na ce na iya. Ya riƙe alkawari, Baba, ni na ɓata mai rana."

"Saude, ki bari," in ji Amiru a hankali.

Ba ta bari ba. Ta faɗi komai, har ɗan rubutun kusurwa, har bakin da ta ji shi. Kuka na yanke mata magana tana ɗorawa. Maƙwabta suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Malam Labbo ya daɗe yana kallonta. Ta jira tsawa, ta jira mari, da ma ya mare ta da ta ji sauƙi. Da ya yi magana muryarsa a ƙasa take.

"Yaushe kika gane kuskuren?"

"Ran Litinin."

"Litinin." Ya ƙirga a yatsunsa, Talata, Laraba, Alhamis. "Jiya na tambaye ki ko akwai uzuri. Sau biyu na tambaye ki."

"Tsoro na ji, Baba. Ka ce in mun haɗu magana ta mutu."

"Na faɗi haka. Kuma da faɗa za ni yi miki, ƙila in yi mako ban amsa gaisuwarki ba." Ya dubi ƙafafun Amiru da suka kumbura, ya kau da kai da sauri. "Amma da na jira shi, Saude. Ko kwana uku ne da na jira shi. Yaron da ya bar dukiyarsa a daji ya taho da ƙafa don sahu guda, shi nike nema tun farko."

Ya miƙa wa Amiru agogonsa da hannu biyu, kamar mai ba da haƙuri.

"Yanzu an shafa fatiha, mutane sun shaida. Ni ban taɓa ba da baki na janye ba, kuma ba ni na ba da ke ba. Ke kika ba da kanki jiya da kika yi shiru."

Sai a lokacin Amiru ya ɗago ya dube ta, karo na farko tun isowarsa. Babu fushi a idonsa, da akwai da ta iya ɗauka.

"An tambaye ki?" ya ce. "Kika yi shiru?"